Tarihin Ƙwato Ƙwaƙwalwa daga Rumbunan Slab

Slab tsari ne da kanel, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, ke bi wajen raba ƙwaƙwalwa. Abin da aka gama amfani da shi ba a zubar da shi, ajiye shi ake yi a rumbu don a sake ɗauka da sauri. Gardamar da aka daɗe ana yi ita ce yaushe rumbu zai mayar da shafukan ƙwaƙwalwa da babu kome a cikinsu. Marubuta da dama daga Linux suke fara labarin, alhali tushensa kamfanin Sun ne.

Jeff Bonwick ne ya bayyana tsarin a taron USENIX na 1994, kamar yadda aka gina shi a SunOS 5.4, manhajar kamfanin Sun. A wurinsa rumbu ba ya sakin shafi sai ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci, kuma ko a lokacin ana ƙyale wanda aka taɓa cikin daƙiƙa 15 da suka wuce, gudun kada a saki abu a dawo nemansa nan take.

Mark Hemment ya rubuta wa Linux nata SLAB tsakanin 1996 da 1997. Daga baya aka sa wa SLAB cache_reap, mai tashi duk bayan 'yan daƙiƙoƙi a kan kowace furosesa yana share layukan ajiya. A ƙaramar kwamfuta ba a ma lura da shi. A manyan injinan SGI masu ɗaruruwan furosesa kuwa, layukan kansu sun riƙa cinye ƙwaƙwalwa mai yawa, sharar kuma tana katse aiki. Wannan ya sa Christoph Lameter ya rubuta SLUB, wanda ya shiga Linux 2.6.22 a 2007, ya zama zaɓin farko a 2.6.23. SLUB ya yi watsi da agogon shara, shafi na zama fanko sai a mayar, ban da 'yan kaɗan da ake riƙewa. Sai dai matsalar asali tana nan: abu guda mai rai ya isa ya hana sakin shafi sukutum. Gyare-gyaren da Lameter ya yi ta turawa don tattara warwatsattun abubuwa wuri ɗaya ba su samu shiga ba.

Fayil ɗin drop_caches, mai sa kanel ya zubar da abin da ke rumbuna, da ya zo a Linux 2.6.16 a 2006, don gwaji aka yi shi, ko da yake masu kula da saba sun mayar da shi maganin kowace cuta. A 2013 Dave Chinner da Glauber Costa suka sake fasalin hanyar matse rumbunan bayanan fayiloli, wato dentry da inode. An cire SLOB, wani tsarin raba ƙwaƙwalwa na Linux, a 6.4 a 2023, SLAB kuma a 6.8 a 2024.