Ƙararrawar Ingila da Tambarin Haɗejiya: Yadda ake Koyon Bugu

Masu nazarin kiɗan fada a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga abin da kiɗan yake faɗi, watau take da kirari. Ba safai sukan tsaya kan yadda makaɗi yake samun hannu ba. Wannan maƙala za ta ɗan leƙa wannan ɓangare, ta hanyar ajiye tambarin fadar Haɗejiya kusa da wata sana'a ta nesa, watau bugun ƙararrawa na majami'un Ingila. Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne, duka biyu aikin taron dangi ne, kowa da abin bugunsa guda, kuma kuskuren mutum ɗaya kan ɓata na kowa.

Bari mu fara da na nesan. A farkon ƙarni na 17 Ingilishi suka ƙware wajen rataye ƙararrawa a jikin gargare, yadda za ta yi juyi cikakke in an ja igiya. Ƙararrawa mai nauyi takan ci kamar daƙiƙa 2 kafin ta kammala juyi, saboda haka ba ta iya bin waƙa. Iyakar ikon mai ja shi ne ya ɗan gaggauta ta ko ya ɗan jinkirta ta. Daga wannan gazawa aka sami abin da za mu kira bugun sauyi: a jera ƙararrawa daga mai siririyar murya zuwa mai kauri, kowace ta yi ƙara sau ɗaya, sa'an nan a sauya jeri. Ƙa'ida ita ce kada wata ta tsallake fiye da gurbi ɗaya, kada kuma a maimaita jerin da aka riga aka buga. Ƙararrawa 7 suna ba da jeri 5,040, aikin kamar sa'a 3 ba hutu, ba kuma takarda a gaban kowa. Ɗalibi yakan yi watanni yana koyon riƙon igiya kawai, kafin ya shiga haddace hanyar da tasa ƙararrawar za ta bi a tsakanin sauran.

Abin lura ga mai tarihi shi ne, tun da wuri aka rubuta wannan ilmi, aka kuma buɗe ƙofarsa. An kafa ƙungiyar College Youths a Landan a 1637. Littafin Tintinnalogia ya fito a 1668, Fabian Stedman ya biyo da Campanalogia a 1677, kuma a 1715 aka buga cikakken jerin 5,040 a majami'ar St Peter Mancroft ta birnin Norwich.

To, mu komo gida. Ƙararrawar fadar Hausa ita ce kuge, ƙarfe marar harshe da ake bugawa da ƙaho don shela. Amma ta fuskar bugun haɗin gwiwa, tambura ne suka fi kusa, don ana kaɗa su ne manya da ƙanana tare, ƙarƙashin sarkin tambura. Kafin jihadi, garuruwan wannan fadama ta kogin Haɗejiya, irin su Auyo da Garun Gabas da ita kanta Haɗejiya, suna bin Barno ne ta hannun Galadiman Nguru, har Sambo ya shiga Haɗejiya a 1808. Jihadin bai kau da tambari ba. A Kitabul Farƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kiɗan shagala na sarakunan Haɓe, amma ya bar bugun da ake yi don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta. Ke nan hujjar zaman tambari a sabuwar daula, yaƙi ce. Haɗejiya kuwa ba ta rasa yaƙi ba, musamman zamanin Sarki Buhari, daga 1848 zuwa 1863, wanda ya bijire wa Sakkwato.

Yaya ake koyonsa? Ta gado. Yaro yakan tashi a gidan makaɗa, ya yi ɗauko da riƙo, ya ga yadda ake shanya fata da ɗaure ta, ya yi ta kwaikwayo a kan ƙwarya, har a ba shi ƙaramin tambari. Ba lissafi yake haddacewa ba, magana ce, domin kowane bugu da takensa. Nan ne wahalar take. Tambari na sarki ne, ba a taɓa shi sai da dalili: daren Juma'a, ko jajiberin salla, ko naɗin sarauta, ko fita yaƙi. Saboda haka dalilin bugu shi ne makarantar. A watan Afrilu na 1906 sojan Ingila suka ci Haɗejiya, Sarki Muhammadu Mai Shahada ya faɗi a fagen fama, fita yaƙi kuma ta ƙare. Bugun daren Juma'a yana dawowa kowane mako, na salla sau 2 a shekara, na naɗi sai an yi sabon sarki. Na yaƙi fa, a ina yaron da aka haifa bayan 1906 zai ji shi, in ba wani dattijo ya ga damar buga masa a cinya ba?

Su ma Ingilishi sun taɓa shiga irin wannan hali. Daga 1940 zuwa 1943 gwamnati ta hana buga ƙararrawa, ta keɓe ta don gargaɗin mamayar Jamus. Sai dai suna da littattafai, suna da ƙananan ƙararrawa na hannu, sun kuma saba ɗaure harshen babbar ƙararrawa su yi gwaji shiru. Shekara 3 kuma ba ta kai a rasa tsara guda ba.

Ba ina nufin mu ari lambobinsu ba ne. Lamba ta ishe su don ƙararrawarsu ba ta cewa kome. Tambari kuwa in aka raba shi da takensa, an bar gangar jiki ba rai. Ɗalibin da zai je Haɗejiya ya kamata ya ɗauki sautin kowane tambari shi kaɗai, sa'an nan a haɗe, ya rubuta taken da karin sautinsa, ya tambayi lokacin da ake yin kowane bugu. Ya kuma nemi salsalar makaɗan kamar yadda muke neman ta sarakuna: wa ya koya wa wa, kuma a zamanin wane sarki.