Yashin Kuza da Lafiyarku

Jama'a, tun wajen 1904 Turawa suka shiga haƙar kuza a ƙasar Jos. Su wanke ƙasa, su ɗebi kuza, su bar tulin yashi a Bukuru da Barikin Ladi. Daga baya masana suka auna yashin, suka tarar da toriyam da yuraniyam a cikinsa, waɗanda asalinsu daga duwatsun ƙasar ne. Suna fid da wani tururi, ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa, amma wanda ya daɗe yana shaƙarsa yana iya kamuwa da ciwon dajin huhu.

To, kada ku yi yaɓe da yashin nan, ku hana yara wasa a kansa, ku riƙa buɗe tagogi. Rigakafi ya fi magani.