Tarihin Marubutan Hausa Masu Cin Gashin Kansu

Marubuci mai cin gashin kansa shi ne wanda ba ya ƙarƙashin wani kamfanin ɗab'i ko hukuma. Shi ke rubuta littafinsa, ya nemo kuɗin buga shi, ya kai shi kasuwa, sannan ya bi sawun kuɗinsa. A ƙasar Hausa wannan sana'a ta kankama a tsakiyar shekarun 1980, kuma Kano ce cibiyarta.

Kafin wannan lokaci, ɗab'in ƙagaggun labarai yana hannun hukumomi ne. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta samar da littattafan farko, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Daga baya aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar adabi ta NORLA, sai kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Marubuci kan aika da rubutunsa ne ya zauna jiran amsa, kuma littattafan da za su shiga manhajar makarantu su aka fi ba muhimmanci.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun samar da ɗimbin matasa da matan aure masu karanta boko. A lokaci guda kuma tattalin arzikin Najeriya ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada. Manyan kamfanoni suka janye daga buga labaran hira. Ga masu son karatu, ga masu rubutu, amma babu mai bugawa.

Marubuta suka ɗauki nauyin da kansu. Talatu Wada Ahmad tana cikin na farko da littafinta Rabin Raina. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta koma karatu a ajin manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin da ya karaɗe ƙasar Hausa har Jamhuriyar Nijar. Bayansu Bilkisu Salisu Ahmad Funtuwa da mata da yawa suka shigo, har mata suka zama mafi rinjaye a fagen.

Yadda ake gudanar da aikin shi ke nuna irin juriyar da ake bukata. Marubuci kan rubuta labari da biro a littafin makaranta, ya kai wa mai keken rubutu, sannan ya tara kuɗin maɗaba'a ta hanyar adashi ko rance ko sayar da wata kadara. Saboda ƙarancin jari ake raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ribar na ɗaya ta buga na biyu. Ana tsayar da kowane kashi a daidai inda mai karatu zai ƙagu ya ji ci gaba. Idan littafi ya fito, sai a kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari, su karɓa bashi, su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wani littafin kan kwanta a shago, jarin ya tafi ke nan. Akwai kuma shagunan haya, inda mutane da yawa ke karanta kwafi ɗaya ba tare da marubuci ya samu ko kwabo ba. Matan da ke cikin kulle kan yi wannan hada-hada ta hannun miji ko ƙane ko ɗa.

Da suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. Mambobi kan duba wa juna rubutu, su tallata littattafan juna a bangon nasu, su kai labarai gidajen rediyo a karanta. Wannan ya maye musu gurbin edita da sashen talla da ba su da su.

Suka ma ta zo musu ta fuskoki da dama. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da adabin kasuwar Onica, aka yi doguwar muhawara a jaridu, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare marubutan. Wasu iyaye da malamai suka zarge su da ɓata tarbiyya. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001, a 2007 kuma aka ƙone wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Marubutan ba su ajiye alƙalami ba. Sun ci gaba da taɓo auren dole da zaman kishi da saki da ilimin 'ya'ya mata. A 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba da Turanci a Indiya.

Bunƙasar finafinan Hausa daga 1990 ta janye wasu masu karatu, ta kuma buɗe wa marubuta ƙofar rubuta labarin fim. Zuwan wayar hannu ya durƙusar da kasuwar littafin takarda, sai sana'ar ta koma intanet. Yanzu marubuciya kan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi a zauren masu biya. Wasu kan sayar da labarinsu ga masu karantawa a YouTube. Babbar matsalar wannan zamani ita ce masu fitar da littafin kuɗi su yaɗa shi kyauta. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta ƙara wa marubuta mata daraja da kafar samun lada. Tsarin sayarwa kashi-kashi da aka fara a maɗaba'un Kano shi ne har yau ake bi a wayoyin hannu.