Layin Dogon Da Ya Kafa Mu A Kurmi

Akwai wata ɗabi'a da wasu ke yi wa kallon rashin aikin yi, wato mutum ya zauna bakin tsohon layin dogo, kusa da tashar Dugbe a Badun, yana jiran jirgin ƙasa alhali ba tafiya zai yi ba. Sai ka wuni ba abin da ya gifta sai awaki da 'yan talla. Ina cikin masu wannan zama, kuma a ganina ya kamata kowane ɗan Sabo ya san abin da waɗannan ƙarafa suka yi mana.

A da can, fatake kan kora jakuna har Gwanja su sayo goro, tafiyar watanni. Da layin da Turawa suka faro daga Ikko ya iso Badun a 1901, wani kuma daga Baro ya isa Kano a 1911, aka haɗe su a 1912, sai tafiyar ta koma ta 'yan kwanaki. Goro kuwa ba ya son jinkiri, in ya daɗe a hanya sai ya bushe ko ƙwaro ya shige shi. Manoman Yarbawa suka duƙufa noman goro a yankin Agege da Abekuta, kakanninmu kuma suka zauna kusa da tashoshi suna saye, suna ɗaure huhu, suna lodawa a tarago zuwa Arewa. Shanu kuma suna gangarowa daga can. Haka aka kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, haka kuma Zangon Agege ya bunƙasa.

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, layi ya kai Maiduguri a 1964. Daga baya kwalta ta yawaita, manyan motoci suka kwashe lodin goro da shanu, reluwe kuma ta rasa kulawa har ciyawa ta rufe layi a wurare da dama. An gyara hanyar, jirgin fasinja na Ikko zuwa Kano ya dawo a ƙarshen 2012, amma zirga-zirgar ba ta koma yadda take ba. Sabon layin Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021 kuwa, babbar tasharsa tana can Moniya, nesa da Dugbe.

Abin da ke damuna shi ne, dattawan da suka yi dako da dillanci a tsofaffin tashoshin nan suna ta ƙarewa, yaranmu kuma ba su san dalilin zamanmu a nan ba. Wanda bai san yadda gidansu ya zo gari ba, da sauƙi a ce masa baƙon jiya ne. Duk mai kaka ko baba a raye, don Allah ya zauna ya tambaye shi wace tasha ya sauka, a wace shekara, wane ne maigidansa, sannan ya rubuta ya ajiye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya bar mu da zumunci.