Andela: Kamfanin da Ya Biya Matasa Albashi Don Su Koyi Sana'a

A watan Mayun 2014 wata gajeriyar sanarwa ta fita a Twitter daga Legas. Ana neman matasa huɗu da za a koya musu rubuta manhajar kwamfuta, kuma za a riƙa biyansu albashi tun suna koyo. Digirin kimiyyar kwamfuta ba ya cikin sharuɗɗa, haka nan sanin wani babba. Mutum kusan 700 suka nemi guraben nan huɗu. Da wannan sanarwar Andela ta fara aiki.

Mutum shida ne suka kafa ta. Akwai Iyinoluwa Aboyeji da Nadayar Enegesi 'yan Najeriya, da Brice Nkengsa ɗan asalin Kamaru, da Ian Carnevale ɗan Kanada, sai Amurkawa biyu, Jeremy Johnson da Christina Sass. Huɗun farko sun riga sun gwada wani kamfani mai suna Fora, wanda ya so sayar wa 'yan Afirka darussan jami'o'in waje ta intanet. Kasuwar ba ta karɓu ba, domin matashin da ya fi kowa buƙatar karatun shi ne wanda aljihunsa ba kowa. Johnson ya san harkar ilimi ta intanet, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin 2U a Amurka. Da suka haɗa kai sai suka juya lissafin: tunda ɗalibi ba zai iya biya ba, a nemo wanda zai biya a madadinsa. Kamfanonin fasaha na Amurka a lokacin suna kukan ƙarancin injiniyoyin manhaja, ga tsadar albashi. Legas kuwa cike take da matasa masu ƙwaƙwalwa, sun gama karatun lissafi ko fiziks ko injiniyanci suna yawo da takardu. Taken kamfanin ke nan tun ranar farko, cewa basira tana ko'ina, dama ce ba ta kai ko'ina ba.

A wancan lokacin shiga Andela ba wasa ba ne. Mai nema zai fara da jarrabawar auna tunani ta intanet, a ba shi darussa ya karanta a gida, a kira shi ganawa, sannan waɗanda suka tsallake su shafe mako biyu a zauren horo ana kallon yadda suke koyo da yadda suke aiki da abokan zama. Waɗanda ake ɗauka a ƙarshe ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya yi sa'a zai sa hannu a yarjejeniyar shekara huɗu. A miƙa masa kwamfutar tafi-da-gidanka, a ba shi abinci, a sassauta masa kuɗin masauki, ga wuta da intanet da ba sa yankewa, abin da a Legas kansa wata ni'ima ce. Zai yi kimanin wata shida yana koyo zalla, albashinsa na tafiya. Daga nan a haɗa shi da wani kamfani na ƙetare, ya zauna a ofis a Yaba yana aiki da mutanen da ke New York ko San Francisco, ya saba da taron bidiyo da yamma lokacin da su gari ya waye musu. Kamfanin can zai biya Andela kuɗin wata-wata, Andela ta ba ma'aikacin albashinsa, ta riƙe sauran don mayar da abin da ta kashe a kansa da kuma horar da na bayansa.

Wanda ya tashi a kusa da Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi zai gane wannan tsari da kallo ɗaya. Yaron shago ne: maigida ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya koya masa ciniki, yaron ya yi masa hidima na wasu shekaru, sannan a sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Kuma ko a kasuwa an san inda tsarin ke da rauni. Shekarun farko asara ce ga maigida, ribarsa tana cikin shekarun ƙarshe, lokacin da yaro ya goge. In yaro ya tafi da wuri, ko kasuwa ta ƙi yara sabbin hannu, lissafi ya rushe.

Kuɗi ba su yi jinkirin zuwa ba. A 2015 kamfanin zuba jari na Spark Capital ya jagoranci zagayen farko mai girma, kuma a shekarar aka buɗe reshe a Nairobi. A watan Yunin 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa Priscilla Chan ta jagoranci zuba dala miliyan 24, karo na farko da ta shige gaba a irin wannan zuba jari. Bayan wata biyu Zuckerberg da kansa ya sauka a Legas, ya taka titin Yaba a ƙafa, ya leƙa cibiyar CcHub, ya shiga Andela ya zauna da ɗalibai. Hotunan ranar sun yi wa unguwar Yaba tallan da babu ma'aikatar gwamnatin da ta taɓa yi mata. A shekarar ce kuma Aboyeji ya bar kamfanin ya tafi kafa Flutterwave. A watan Oktoban 2017 aka samu ƙarin dala miliyan 40 ƙarƙashin jagorancin CRE Venture Capital, a shekarar kuma aka buɗe reshen Kampala, daga baya Kigali a 2018 da haɗin gwiwar gwamnatin Ruwanda. Ofishin Legas ya koma wani dogon bene a Ilupeju, kan titin Ikorodu. Sai a watan Janairun 2019 kamfanin Generation Investment Management, wanda tsohon mataimakin shugaban Amurka Al Gore na cikin waɗanda suka kafa shi, ya jagoranci zuba dala miliyan 100. Jimillar jarin ta kai kimanin dala miliyan 180. A lokacin mutum sama da 100,000 sun taɓa neman shiga, injiniyoyin da ke aiki kuwa sun ɗan haura 1,000.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da irin kuɗin. Ba tallafi ba ne, ba kuma waƙafi ba. Jarin kasada ne, wanda mai shi ke zubawa a kamfanoni da yawa da sanin cewa akasarinsu za su mutu, yana fatan ɗaya zai ninka masa kuɗinsa sau goma ko fiye cikin 'yan shekaru. Ko masu kyakkyawar niyya a cikinsu suna da waɗanda za su yi wa bayani a ƙarshen shekara. Irin wannan kuɗi yana son girma mai sauri. Tarbiyyar injiniya kuwa ba ta da hanyar yanke: sai ya rubuta manhaja ta lalace, ya kwana yana neman kuskuren, wani babba ya duba aikinsa ya gyara masa, a maimaita haka shekara da shekaru.

Wata takwas kacal bayan shigowar dala miliyan 100, a watan Satumban 2019, Andela ta sanar da sallamar ƙananan injiniyoyi kusan 420 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ta kuma rufe shirin horar da sabbin shiga a ƙasashen uku, ta bar na Ruwanda kawai inda gwamnati ke ɗaukar wani ɓangare na nauyin. Jeremy Johnson, wanda shi ne shugaba a lokacin, bai ɓoye dalili ba. Ya ce kamfanonin da ke hulɗa da su ƙwararru suke nema, kuma Andela ta horar da ƙanana fiye da waɗanda za ta iya samar wa aiki. A Amurka ma makarantun koyon manhaja na gajeren zango sun yawaita, sabbin hannu sun cika kasuwa, don haka kamfani ba ya ganin dalilin ɗauko wani sabon hannu daga Legas. A cikin sanarwar an ce kuɗin shigar kamfanin na shirin kaiwa dala miliyan 50 a shekara, kuma za a ɗauki ƙwararru 700 nan da 2020. Wato ba karyewa kamfanin ya yi ba. Hajarsa ya sauya.

Wannan rana ta yi wa matasa da yawa ciwo, kuma suna da gaskiyarsu. Akwai wanda ya ajiye wani aikin, akwai wanda ya baro garinsu ya tare a Legas saboda alkawarin shekara huɗu. An ba su kuɗin sallama, an yi ƙoƙarin haɗa su da wasu kamfanoni, amma ƙofar da aka rufe ita ce ainihin abin da ya bambanta Andela da kowane dillalin ma'aikata. Tun kafin nan ma an sha jin ƙorafi kan tazarar da ke tsakanin abin da kamfanin waje ke biya da abin da ke shiga aljihun injiniya, kuma da yawa daga waɗanda suka goge sun gano cewa za su iya samun aikin ƙetare da kansu, babu mai shiga tsakani.

Abin da ya biyo baya ya tafi da sauri. Da annobar korona ta zo a 2020 an sake sallamar ma'aikata 135, aka rufe ofisoshi gaba ɗaya, kowa ya koma aiki daga gida. Kamfanin ya buɗe ƙofa ga ƙwararru daga duk faɗin Afirka, sannan Latin Amurka da sauran duniya, akasari a matsayin 'yan kwangila. A watan Satumban 2021 SoftBank na Japan ya jagoranci zuba dala miliyan 200, aka ƙiyasta darajar Andela a dala biliyan ɗaya da rabi, jimillar jarin da ta tara ta kai kimanin dala miliyan 381. A 2023 ta sayi kamfanin Qualified mai auna ƙwarewar injiniyoyi, a 2024 kuma Carrol Chang, wadda ta fito daga Uber, ta karɓi shugabanci daga hannun Johnson. Hedikwatarta tana New York. A ma'aunin masu jari wannan nasara ce babba, kuma sai bayan an ajiye horarwa ta zo.

To me ya rage a ƙasa? A ganina ya fi abin da masu suka ke yarda da shi yawa, ya kuma gaza abin da aka yi alkawari nesa ba kusa ba. Burin da aka shelanta da farko shi ne samar da injiniyoyi 100,000 cikin shekara goma. Shirin mai albashi, a ganiyarsa, bai wuce mutum 1,500 da 'yan kai ba. Babban adadin da ake ambata na waɗanda Andela ta horar ya fito ne daga wani shirin daban, na koyo kyauta ta intanet da aka fara a 2017 tare da Google, wanda dubun-dubatar matasa suka shiga. Shiri ne mai amfani, kuma shi ne ya isa ga wanda ke Kano ko Zariya ko Jos ba tare da ya kama hanyar Legas ba. Amma darasin bidiyo da takardar shaida ba su kai albashi da kwamfuta da babban da zai duba aikinka ba, ballantana ga wanda ke lissafin kuɗin data da na cajin waya.

Duk da haka 'yan ƙalilan ɗin da suka bi shirin mai albashi sun yi tasirin da ya fi yawansu. Sun sauya yadda kamfanonin waje ke kallon injiniyan Najeriya tun kafin aiki daga gida ya zama ruwan dare. Sun bazu a bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi na Legas da Nairobi, wasu sun tafi Turai da Kanada, wasu sun kafa nasu, kamar Eden Life da Enegesi ya buɗe tare da abokan aikinsa na Andela a 2019. Iyaye da dama a lokacin ne suka fara yarda cewa yaron da ke kwana a gaban kwamfuta sana'a yake koyo.

Giɓin da aka bari wasu sun yi ƙoƙarin cikewa. Decagon da Semicolon da AltSchool Africa duk sun horar da sabbin shiga, sai dai lissafin ya koma inda Fora ta baro shi: ɗalibi ne ke biya, ko nan take ko bashi bayan ya samu aiki. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ɗaya daga waɗanda suka kafa CcHub ɗin nan da Zuckerberg ya ziyarta. Shirin ya shiga jihohi 36 da Abuja, abin da Andela ba ta taɓa yi ba. Amma tambayar da ta kayar da tsarin Andela tana jiran sa shi ma: bayan an gama darasi, wa zai ɗauki sabon hannu ya biya shi a shekara biyun farko, lokacin da kuskurensa ya fi amfaninsa yawa? Jarin kasada ya gwada na shekara biyar ya janye. A Ruwanda shirin ya tsira a 2019 ne saboda gwamnati ta sa hannu a aljihu. Jihohinmu da masu hannu da shuni da ke gina cibiyoyin kwamfuta suna yanke ƙyalle ya kamata su ware kuɗin wannan shekara biyun tun a kasafin farko, kafin a sayi kujera ko ɗaya.