Veruschka von Lehndorff: Rayuwa da ayyukan 'yar Jamus da ta bar tallan kayan kawa ta rungumi zane

Vera Gottliebe Anna von Lehndorff, wadda duniya ta fi sani da Veruschka, 'yar ƙasar Jamus ce da ta yi fice a harkar tallan kayan kawa a shekarun 1960, kafin daga bisani ta shiga wasan fim da kuma zane. Ana lissafa ta cikin mata na farko da tallan tufafi ya kai sunansu ko'ina a duniya. Sai dai ita kanta ta fi ba da muhimmanci ga aikin da ta yi bayan haka, inda take shafe jikinta da fenti har ta saje da bango ko dutse a cikin hoto.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haife ta a ranar 14 ga Mayu, 1939, a birnin Königsberg na yankin Gabashin Prussia, wanda yanzu ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha. Ta fito ne daga tsohon gidan sarauta mai babban gandu a Steinort, garin da a yau yake cikin ƙasar Poland.

Gidan nasu bai da nisa da sansanin da Adolf Hitler yake jagorantar yaƙi daga cikinsa, har ma ministan harkokin wajensa, Joachim von Ribbentrop, ya mamaye wani sashe na gidan. Duk da haka, mahaifinta, Heinrich von Lehndorff, yana cikin jami'an soja da suka ƙulla yunƙurin kashe Hitler a ranar 20 ga Yuli, 1944. Yunƙurin bai yi nasara ba. Aka kama shi, aka rataye shi a kurkukun Plötzensee da ke Berlin a ranar 4 ga Satumba, 1944, lokacin Vera tana da shekara 5.

Gwamnatin Nazi ta haɗa har da iyalan waɗanda ake zargi wajen hukunci. An tsare mahaifiyarta, wadda ta haifi autarta a tsare, an ƙwace dukiyarsu, aka kai Vera da 'yan'uwanta gidan yara na Bad Sachsa, inda ake sauya wa irin waɗannan yara sunan mahaifi. Bayan yaƙin, iyalin sun yi shekaru suna zama a gidajen dangi da abokan arziki, ita kuma tana sauya makarantu.

Yadda sunan Veruschka ya samo asali

Burinta na farko shi ne zane. Ta yi karatunsa a Hamburg, sannan ta koma birnin Florence na Italiya, inda mai ɗaukar hoto Ugo Mulas ya gan ta tana da kimanin shekara 20, ya ja ta zuwa tallan kayan kawa. A Paris ta haɗu da Eileen Ford, mai wani babban kamfanin masu tallan tufafi, a 1961 kuma ta tafi New York. Tafiyar ba ta yi armashi ba, domin ana ganin tsawonta ya yi yawa, don haka ta koma Turai.

Da ta sake komawa Amurka, sai ta je da sabon suna mai kama da na Rashawa, da baƙaƙen tufafi, da wani salon tafiya a hankali, tana barin mutane su yi ta hasashen inda ta fito. Dabarar ta yi aiki. Diana Vreeland, babbar editar mujallar Vogue ta Amurka, ta ɗauke ta, ta kuma ba ta damar sa baki a tsarin hotunanta, abin da ba a saba ba masu tallan tufafi ba a lokacin.

Ta yi aiki da manyan masu ɗaukar hoto irin su Richard Avedon da Irving Penn, da mai zane Salvador Dalí, da Peter Beard wanda ya kai ta ƙasar Kenya. Hoton da Franco Rubartelli ya ɗauke ta a 1968 sanye da rigar farauta ta Yves Saint Laurent yana cikin fitattun hotunan kayan kawa na ƙarni na 20.

Fina-finai

A 1966 ta fito a fim ɗin Blow-Up na darakta Michelangelo Antonioni, a matsayin kanta, tare da David Hemmings. Fitowar ba ta wuce 'yan mintoci ba, amma ita ce ta ƙara yaɗa sunanta, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar bikin Cannes a 1967. Ta fito a Salomé na Carmelo Bene a 1972, da wani fim na Ulrike Ottinger a 1984 inda ta taka rawar namiji, wato Dorian Gray, da The Bride a 1985. A 2006 ta yi 'yar gajeriyar fitowa a fim ɗin James Bond mai suna Casino Royale.

Komawa ga zane

A 1975 ta bar harkar kayan kawa bayan saɓani da Grace Mirabella, wadda ta gaji Vreeland a Vogue, ta kuma so ta sauya kamanninta zuwa wanda ya fi kusa da na yau da kullum. Veruschka ta ƙi, ta mayar da hankali kan aikin da ta riga ta fara da mai zane Holger Trülzsch.

Aikin nasu yana buƙatar haƙuri. Sukan zaɓi tsohon bango, ko ƙofa, ko ƙarfe mai tsatsa, sai su shafe sa'o'i suna kwaikwayon launi da tsagar wurin a jikinta, sannan a ɗauki hoton. Mai kallo sai ya ƙura ido kafin ya gane akwai mutum a ciki. Fitaccen jerin hotunansu, Oxydationen, an yi shi ne a 1978 a wani tsohon zauren gwanjon kifi da ke Altona, a Hamburg. A 1986 suka tattara ayyukan a littafin Trans-figurations, wanda marubuciya Susan Sontag ta yi wa gabatarwa. Wannan aiki ya taimaka wajen sa a ɗauki zane a jiki a matsayin fasaha mai zaman kanta, wadda ake baje kolinta a gidajen adana zane-zane.

Shekarun baya-bayan nan

A 2005 aka fitar da fim na tarihin rayuwarta wanda Paul Morrissey da Bernd Böhm suka shirya. A 2010, tana da shekara 71, ta sake hawa dandalin baje kolin tufafi a Landan domin mai tsara kaya Giles Deacon. A 2011 ta wallafa tarihin rayuwarta da harshen Jamusanci tare da Jörn Jacob Rohwer, inda ta yi bayani a fili kan kisan mahaifinta da ciwon damuwa da ta yi fama da shi shekara da shekaru.