Me Ya Sa Rawani Ɗan Kura Ba Ya Fita a Hoto?

Ɗauki hoton rawani ɗan Kura da wayarka ka duba: wani baƙi-baƙi kawai za ka gani. Alhali sheƙin nan da mabuga ke fitarwa idan sun buga shuni a jikin yadi, shi ya sa Buzaye suka daɗe suna neman kayan Kura. Ko Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 sai da ya yi maganar cinikin turkudi. To ina launin ya maƙale?

Ma'aunin launi da lamba wanda duniya ta amince da shi bai kai shekara ɗari da kafuwa ba. A ƙarshen shekarun 1920, David Wright da John Guild a Ingila suka sa mutane suna haɗa fitilu uku, ja da kore da shuɗi, har sai haɗin ya yi daidai da launin da aka nuna musu. Mutum 17 kacal! Da sakamakonsu hukumar CIE ta zana taswirar launukan da ido ke gani a 1931, mai siffar kofaton doki.

A 1996 kamfanonin HP da Microsoft suka fito da sRGB, ma'aunin da yawancin hotunan intanet ke bi har yau. Fitila uku alwatika suke zanawa, alwatika kuwa ba ta cika kofato. Kashi 36 cikin ɗari na taswirar take rufewa, kuma giɓin ya fi yawa a wajen kore da tsakanin kore da shuɗi. Ma'aunin Rec. 2020 na 2012 ya kai kusan kashi 76.

Amma kada lissafin ya ruɗe ka. Launukan da suka faɗa waje tsantsa ne ƙwarai, irin na hasken leza. Koren shinkafar Kadawa da Bunkure galibi yana ciki, duhun shuni ma haka.

A ganina matsalar rawanin daban ce. Sheƙinsa yana canzawa da inda ka tsaya, wani lokaci har ya yi ja-ja kamar tagulla, kuma idanunka biyu ba haske ɗaya suke karɓa daga gare shi ba. Ɗigon hoto kuwa lamba uku yake riƙewa, ba ya motsi. Su Wright ma ɗan fili shafaffe suka sa aka kalla, faɗinsa bai wuce babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu.